Mercedes C63 a ƙauye: shekara biyu da rabi ina ciyar da ita, ga abin da na gani

Wani ƙanin abokina ya ishe ni da kira tun satin da ya wuce, wai ya ga irin motata a wajen dillalai a Kano kuma kuɗin bai kai yadda yake tsammani ba, yana so in faɗa mishi tsakani da Allah ya saya ko kar ya saya. Nace mishi maganar ba ta waya bace, katinka zai ƙare ban ko kai rabi ba. Toh shine nace bari in zauna in rubuta gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambayata sai in tura mishi ya karanta da kanshi.

Motar dai Mercedes C63 AMG ce ƙirar 2010, wadda masu harkar suke ce ma W204, baƙa, daga Amurka aka shigo da ita, ni ne na biyu da ya riƙe ta a ƙasar nan. Ni kuma ba ɗan birni bane, a wani ƙauye nake tsakanin Gumel da Maigatari, sana'ata riɗi da zoɓo, ina saye a hannun manoma in tara in kai Dawanau, ina ɗan taɓa noma da kiwo kamar kowa. A watan Disamba na 2022 na saye ta, shekarar riɗi ya yi min kirki kuɗi sun shigo lokaci ɗaya, kuma kun san halin ɗan Adam in ya ga kuɗi a dunƙule. Asalin abin da na je nema Kano Camry ce mai silinda 6, sai dillalin yace Alaji zo ka ji muryar wannan kawai ba sai ka saya ba. Ya murɗa makulli. Shikenan, ban sake waiwayar Camry ba.

Bari in fara da haƙƙinta don kar ace ɓata ta na zo yi. Wallahi motar nan mota ce. Injinta silinda 8 ne, lita 6.2 duk da a gefen bodi 6.3 suka rubuta, babu tobo babu wani ƙari, ƙarfin doki 451, giya 7, tayoyin baya ne ke turawa. In ka ɗaga bonet zaka ga wani ɗan ƙarfe a saman injin ɗauke da sa hannun mutumin da ya haɗa shi a masana'antarsu da ke Affalterbach can Jamus, don a tsarinsu mutum ɗaya ne yake haɗa inji ɗaya daga farko har ƙarshe, yaran garinmu sun fi son kallon wannan sa hannun akan komai na jikin motar. A takarda sakan 4 da rabi take ɗauka daga tsaye zuwa gudun 100, ni ban taɓa riƙe mata agogo ba amma ranar da na fara taka ta sosai bayan na wuce Gujungu na ji bayana ya manne da kujera, abokina da ke gefe sai salati yake yana riƙe da ƙofa. Wuce tirela a wajenta kamar wuce amalanke ne. Kamfani ya ƙayyade mata gudu a 250, ban taɓa kusantar wurin ba kuma bana shirin yi, a titin da akuya ko yaro mai tallan rake zai iya faɗo maka kowane lokaci ai ganganci ne. Birkinta kuwa ko a mafarki ban taɓa taka irinshi ba, AC kamar firij, sitiyari yana jin magana. Duk wannan gaskiya ne.

Ranar da na shigo da ita gida Baba ya fito ya zagaya ta sau ɗaya, ya leƙa ƙarƙashi, sai yace "doki ba sayensa bane wahala, harawa da dawa ne." Nace Baba in sha Allahu ba matsala. Yace Allah ya sanya alheri, ya koma shimfiɗarsa. A lokacin na ɗauka irin maganar tsofaffi ce kawai.

Mai shine abu na farko da zai fara gaishe ka. Tankinta lita 66 ne, kuma a yadda na auna da kaina ba sau ɗaya ba, in ina kan doguwar hanya na lallaɓa ta kamar mai ɗauke da ƙwai tana bani kilomita 7 zuwa 8 a lita, in na shiga cikin Kano cunkoson 'Yankaba ko Kurna ya riƙe ni ga AC a kunne sai ta koma 4 zuwa 5, in kuma shaiɗan ya zuga ka ka taka totur toh ka daina lissafi kawai, da idonka zaka ga allurar mai tana sauka. Daga Gumel zuwa Kano kusan kilomita 120 ne, zuwa da dawowa da ɗan zirga-zirgar cikin gari bana taɓa ƙona ƙasa da lita 40. Yayana yana da Corolla, tafiya ɗaya muke yi shi rabin haka ya ishe shi har ya rage.

Lokacin da na saya abin bai dame ni ba, farashin gwamnati bai kai naira 200 ba duk da mu nan muna saye sama da haka saboda ƙarancin da ake yi a lokacin. Wata biyar kacal na more. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafi ya tafi, kafin sati ya zagayo lita ta haura 500, a ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, a 2025 ta ɗan sauko amma ba saukar da zaka ji a aljihu ba. Ka lissafa da kanka, lita 66 a kan naira 1,000 dubu 66 kenan cika tanki ɗaya, tankin da ba zai kai ka Kano sau biyu ka dawo ba. Akwai watan da na rubuta duk man da na zuba a bayan littafin da nake rubuta buhunan riɗi, da na haɗa a ƙarshen wata sai na rufe littafin ban nuna ma kowa ba, musamman uwargida.

Kuma ba tsadar kaɗai ba, har da irin man. A jikin murfin tanki an rubuta sai mai mai ƙarfi wanda Turawa ke ce ma firimiyam, mu kuwa a nan fetur kala ɗaya ne, wanda ɗan acaɓa zai zuba a Boxer shi zaka zuba. Kwamfutar motar tana ƙoƙari, in ta ji man bai kai ba tana rage ƙarfin injin da kanta don kar ya lalace, wato ka biya kuɗin doki 451 amma wasu dawakan suna ɗaure a turke. Man bumburutu kuwa ko kusa, sau ɗaya larura ta sa na zuba galan biyu a gefen hanya da daddare, washegari mota ta kama shaƙewa tana rawa a tsaye, wutar inji ta kama a dashbod, sai da aka sauke tanki aka wanke aka canza fuloginta guda 8. Tun daga ranar gidan mai ɗaya na yarda dashi a yankinmu, kuma zuwa can da dawowa shima mai yake ci, abin dariya abin haushi, kana ƙona mai don ka je sayen mai.

Sai juye. Da nake riƙe da 406 galan ɗaya na baƙin mai ne yaro ya kwanta ƙarƙashi minti 20 an gama. Wannan lita 8 da rabi take sha, galan biyu da ɗori kenan, kuma ba kowane mai ba, sai mai ɗin nan sintetik 0W-40 ko 5W-40 wanda a bayan galan ɗin zaka ga lambar amincewar Mercedes 229.5, irin su Mobil 1. Kamfani na cewa za ta iya doguwar tafiya kafin a sake juye, amma su ba su san ƙurar hunturunmu ba ba su san zafin watan Afrilu da yake wuce 40 ba, ni duk kilomita 5,000 nake yi. Matsalar ita ce jabu ya cika kasuwa, galan iri ɗaya tambari iri ɗaya har da hatimi, wani shago a Kano ya taɓa sayar min a farashi mai sauƙi ina ta murna na samu araha, bayan sati biyu na fara jin wani ƙas ƙas ƙas a saman inji da safe, bakanike ya ɗiba ya murza a yatsa ya shinshina yace Alaji wannan ko a janareto bazan zuba ba. Aka zubar da lita 8 da rabi aka sayi wani. Kuma wannan injin dama an san shi da cinye kamshaf da 'yan ƙarafan da yake bugawa in man bai da kyau, don haka wurin nan ba wurin rowa bane. Filtar iska guda biyu gare ta, daga Disamba zuwa Fabrairu in ka ciro su kamar an tsoma a garin dawa.

Taya kam ita ce ta fi ci min rai, don ita ba lalacewa bace, haka Allah ya yi ta. Na gaba 235/40 ne a rim 18, na baya 255/35, girmansu ba ɗaya ba don haka dabarar nan ta mayar da na gaba baya na baya gaba ba ta aiki a nan. Na baya basu taɓa cika min shekara ba, ƙarfin injin duk a kansu yake sauka, ko baka yi wasan banza ba suna narkewa kamar sabulu a hannun yara. Ga su siraran gefe, tsakanin rim da kwalta ɗan yatsa uku ne, rami ɗaya in ka faɗa da gudu taya ta yi ƙulu a gefe ko rim ya lanƙwashe. Na lanƙwasa rim sau biyu, na biyun ma tsagewa ya yi. Kuma wannan sayis ɗin babu shi a Gumel babu shi a Haɗeja yadda na nema, sai Kano, wani lokacin a Kanon ma sai ace jira a turo daga Legas. Mai facin garinmu mutumin kirki ne amma da guduma da ƙarfen banƙara yake cire taya, ranar da na ga ya ɗaga guduma a kan rim ɗina nace tsaya tsaya malam, bari kawai, na ɗora tayar a bayan Boxer aka kai inda akwai inji.

Na gwada 'yan Beljiyam sau ɗaya don in rage zafi. Zanen su da kyau kamar sababbi, ashe sun tsufa a ajiye, a gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna sati da shekarar da aka yi ta, ni ban san da wannan ba sai daga baya, da aka karanta min tawa shekararta 8. Ɗaya ta fashe min a hanya da rana tsaka, Allah ya kiyaye ba gudu nake ba. Araha dai ba ta ado. Yanzu duk tayar da zan saya sai na durƙusa na karanta lambar nan da kaina ko mai shago zai ji haushi.

Birkin da na yaba ɗazu shima da kuɗinshi. Faifan gaba milimita 360 ne, babba kamar tiren shayi, in ya cinye ba'a walda ba'a dabara sai sabo, kuma kuɗin na gaba kawai da fad ɗinsu ya isa ayi ma Golf ɗin haya gyaran inji.

Amma duk wannan ɗan birni ma zai biya. Abin da ɗan birni ba zai gane ba shine hanya. Daga bakin kwalta zuwa ƙofar gidana akwai kusan kilomita 3, rabi burji rabi yashi, motar kuma a ƙasa take kamar kunkuru, da rani yashi ya riƙe ta tayoyin baya su yi ta haƙa rami sai an kira matasa sun turo, kowa kuma sai ka sallame shi, da damina kuwa in aka yi ruwa mai ƙarfi kwana biyu uku ba ta fita ko ba ta shiga. Akwai daminar da ta yi kusan wata guda a gidan wani aminina a bakin titi, ni ina hawa mashin in je in same ta kamar mai zuwa zance. Leɓen bamba na gaba na gyara har na gaji na bar shi a ɗaure da waya, murfin robar da ke ƙarƙashin inji tuni wani tudu ya karɓe shi. Tudun rage gudun da kowane ƙauye yake ginawa yadda ya ga dama kuwa sai na hau shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, masu Sharon suna bayana suna ta hon. Shakazoba da bushin na gaba an canza, mazaunin inji an canza, duk a cikin shekara biyu.

Sai ɓera. Wallahi ba wasa nake ba. Gidan da ake ajiye riɗi da gero dole akwai ɓera, inji kuma da ɗumi in ka dawo da daddare, suka shiga suka yi gida a bayan inji suka gwaigwaye wayoyi. Da safe na tayar dashbod ya kama wuta kala-kala kamar gidan biki, giya ta ƙi wuce ta biyu. Rewayan garinmu ya zo da ɗan ƙwan gwajinsa, ya duba ya duba yace Alaji gaskiya wannan ta fi ƙarfina kar in ƙona maka wani abu, kuma na gode mishi da ya faɗi gaskiya. Janwe aka kira daga Kano. Kuɗin janwe kawai ya fi kuɗin gyaran wayar. Yanzu kyanwa biyu gare ni saboda mota, kuma su ma ci suke.

Wannan shine babban abin da nake so ƙanin abokina ya gane, ba kayan gyara kaɗai kake biya ba, nisa kake biya. Duk ƙaramin abu sai Kano, don sai an jona ta da kwamfuta kafin a san ciwonta, kuma masu kwamfutar da suka san wannan injin da gaske basu da yawa, da yawa sun iya goge wutar ne kawai ka biya ka kama hanya kafin ka kai Gezawa ta dawo. Zuwa ɗaya ya ƙunshi mai lita 40, ko janwe in ta ƙi tashi, ga yinin da ka rasa a kasuwa, in aiki bai ƙare ba ga kwana, in ka bar ta ka dawo a motar haya ga zullumi, don wani gareji da na taɓa barinta kwana huɗu da na karɓo sai naji muryarta ta canza tana wari, ashe an buɗe salansa an kwashe abin nan na ciki da ake ce ma indomi an sayar. Na koma nayi magana aka rantse min da abin da ya fi ƙarfina, na haƙura. Sai da na sha wuya kafin na samu bakaniken da nake zuwa yanzu, wani dattijo mara son surutu, baya taɓa kunce abu sai ya kira ni a bidiyo ya nuna min.

Shi ne ma ya gano babbar matsalar. A daminar 2024 na lura ruwan lagireto yana raguwa, ba ɗigo a ƙasa ba komai, sai farin hayaƙi kaɗan da safe in an tayar. Na yi ta ƙara ruwa ina cewa zafi ne. Da na kai mishi ya duba lambar injin sai ya girgiza kai yace Alaji irin na farko ne. Ashe wannan injin waɗanda aka yi a shekarun farko, kafin wajen 2011, ƙusoshin da ke ɗaure kan silinda suna da rauni, kan ƙusar yana tsatsa ya karye ruwa ya riƙa zubowa cikin silinda, daga baya kamfani ya canza ƙirar ƙusar, duk wanda ya san motar ya san wannan sai ni da na saya da kunne. Yace in ka cigaba da hawa wata rana ruwa zai cika silinda ka murɗa makulli inji ya kulle, daga nan sai dai a nemo wani injin. Ƙusa 20 ne, sai gaskit da sauran tarkace, kuma tunda an buɗe gara a canza duk abin da ya gaji a wurin. An zagaya Ƙofar Ruwa ba'a samu sababbin ƙirar ba, aka tambaya Ladipo a Legas sai na jikin tsohon inji wanda bamu san tarihinsa ba, dole aka yi oda daga waje.

A nan ne dala ta nuna min kanta. Lokacin da na sayi motar dala tana wajen 750 a Wapa, lokacin da zan sayi ƙusoshin nan ta haura 1,500. Komai na jikin motar nan da dala ake lissafa shi, taya, mai na juye, fulogi, firikwensin da bai kai ɗan yatsa ba, ni kuma kuɗina naira ne kuma sau ɗaya suke zuwa a shekara, da kaka. Ita ba ruwanta da kaka. Ta zaɓi watan Yuli, lokacin da duk abin da nake dashi yana cikin taki da kuɗin 'yan ƙwadago da bashin da na ba manoma, sati 7 tana Kano a buɗe, ƙarshe shanu biyu da nake turkawa na kai Maigatari ranar Alhamis na sayar tun basu gama yin ƙiba ba. Dillalin shanun yana tambayata Alaji lafiya dai ko, nace lafiya lau hidima ce ta taso. Uwargida ba ta ce komai ba, sai dai tun daga ranar in zata ambaci motar sai tace "amaryarka". Da na ɗan yi ƙorafi gaban Yaya sai yace kowa ya sayi rariya ai ya san zata zubar da ruwa, ka yi shiru kawai.

Takardu basu da wani nauyi in aka kwatanta, inshorar nan ta dole da take dubu 5 ta koma dubu 15 tun Janairun 2023, sai sabunta lasisi duk shekara. Cikakkiyar inshora wadda zata biya ka in motarka ta lalace ita kuma ba ta yin ƙasa da kashi 5 cikin 100 na darajar motar duk shekara, na yi shekarar farko na bari, wanda kuma ba dabara bace na sani, fitilar gaba ɗaya in jaki ya fasa maka ita zaka gane.

Akwai kuma wani kuɗin da ba'a rubuta shi a ko'ina. Tunda motar nan ta shigo gari farashin komai ya canza min, manomin da muke ciniki da shi shekara goma yanzu sai ya ƙara min a buhu yana murmushi yana kallon motar, mai neman taimako da da zai nemi dubu biyu yanzu dubu ashirin yake farawa, a shingen hanya gaisuwar ma daban ce, ranka ya daɗe an ganka fes, kasan me ake nufi. Duk bikin da za'a yi a dangi da makwabta motar Alaji ce zata ɗauki amarya, da manka da direbanka wato kai, in ka hana ace ka yi kuɗi ka canza. Kallon kitse ake ma rogo, basu san ranar da nake fita da mashin ba don sha'awa bane, tanki ne babu komai. Muryar da ta sa na saye ta ma ta zama abin magana, in zan yi sammako na tayar da ita bayan asuba unguwa gaba ɗaya ta sani, kaji su watse jakin makwabci ya tsinke igiya, sai da liman ya aiko a gaya min cikin mutunci in riƙa bari gari ya waye.

Nasan wani zai ce toh ka sayar mana. Na kai ta wajen dillalai bara, abin da suka taya a naira ya fi abin da na saya, sai ka ɗauka riba ce, amma ka mayar dashi buhun riɗi ko ka tambayi kuɗin Hilux ɗin da ya kamata in saya tun farko zaka ga inda aka bar ka. Kuma masu son irinta yanzu basu da yawa, kowa tambayar farko da zai yi ita ce shan mai, masu kuɗin da basu damu da mai ba kuma sabuwar ƙira suke nema ba ta 2010 ba. Ga kuma gaskiyar da bana son faɗa, duk ranar da na yanke shawarar rabuwa da ita sai in hau titin Gumel da yamma bayan la'asar, hanya ba kowa, in ɗan taɓa ta kaɗan ta yi wannan gurnanin, sai in ce bari dai a ga bayan kaka.

Don haka ƙanina, in ka nace sai ka saya, ga abin da zan ce maka. Kar ka biya ko sisi sai ka je da bakanikenka ba na dillali ba, a jona kwamfuta, a duba lambar inji a gani ko irin na farko ne, in shi ne a nuna maka shaidar an canza ƙusoshin ko a rage maka kuɗinsu, a tayar da ita da sassafe tun inji na sanyi ka saurari samansa ka kalli hayaƙi, a ɗaga ta a duba indomi yana nan, ka karanta shekarar tayoyi. Kar ta zama ita kaɗai ce motarka, kuma in duk kuɗinka ne zaka juye wajen saye babu wani abu mai kauri da ka ajiye gefe don shekarar farko toh ka bari, wanda zai sayar maka da araha ba don yana sonka bane, lissafin da na yi a bayan littafin riɗi shima ya yi shi. In gidanku a bakin kwalta yake kuma kana shiga Kano duk sati dama, da sauƙi. In irin hanyarmu ce, ka zo ka ga bambata tukunna.

Yanzu haka tana rumfa a lulluɓe da tamfol, tayar baya ta hagu ta fara nuna waya, na kira Kano ance sayis ɗin ya yanke sai wani satin. Gobe Alhamis ina da kaya a Maigatari, na riga na gaya ma yaro ya duba iskar Boxer ya zuba mata lita biyu.